Littafin Soyayya a Gaban Makirfo: Wanne Ke Riƙe Mai Sauraro, Wanne Ke Kwance Masa Zani?

Shekara shida ke nan ina gabatar da filin karatun littafi a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Maraɗi. Minti talatin ne bayan sallar isha'i, dare uku a mako, ranar Lahadi kuma mu buɗe layi masu sauraro su kira su faɗi ra'ayinsu. Kusan duk abin da nake karantawa labarin soyayya ne, kuma mafi yawansa daga Kano yake zuwa. Da can ta hanyar Katsina da Jibiya littattafan ke shigo mana, a ɗaure cikin kwali. Yanzu ta waya suke shigowa, shafi-shafi.

Aikin nan ya koya mini abin da ban koya a makarantar aikin jarida ba. Mai karatu da ido yana iya tsallake shafi biyar idan marubuciya ta shiga lissafin akwatunan lefe. Ni ba ni da wannan damar, kowace kalma sai ta bi ta bakina. Saboda haka nakan gane inda labari ya mutu tun kafin waya ta fara ƙara. Kuma abin da na lura da shi shi ne, littafin da ya riƙe mutane da wanda ya ba su haushi duk da soyayya iri ɗaya suke farawa. Inda suke rabuwa shi ne abin da ya tare masoyan, da yadda marubuci ya kawar da shi.

Bari mu fara da abin da ke tare masoya. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, Sumayya 'yar masu kuɗi ce, Muhammad talaka ne, ga kuma Abdulƙadir mai dukiya da gidan su Sumayya suka fi so. Labarin ya kai har Sumayya ta faɗa rijiya. An yi ta cewa littafin ya yi kama da fim ɗin Indiya, har Brian Larkin ya yi nazari a kan wannan dangantaka a 1997. To, ko da kamar ta tabbata, katangar da ke tsakanin Sumayya da Muhammad tamu ce. Babu unguwar da za ka shiga a Maraɗi ko Damagaram ko Kano ba ka tarar da saurayin da aka hana shi yarinya don ba shi da shi ba. Waɗanda suka hana ɗin ma ba dodanni ba ne. Iyaye ne da ke tsoron 'yarsu ta sha wahala, suna da hujjar da mai sauraro zai iya cewa "ni ma da haka zan yi". Idan ɓangare biyu kowa na da gaskiyarsa, mai sauraro ba ya iya kashe rediyo, don bai san wa zai mara wa baya ba.

Ka kwatanta wannan da abin da ya cika wayoyinmu yau. Jarumi ɗan shekara ashirin da takwas, soja ne ko likita ko mai kamfanoni a Dubai, miskili ne ba ya magana, ba ya dariya. Jaruma 'yar ƙauye ce, fara sol, gashi har gadon baya, marainiya a hannun kishiyar uwa. Me ya hana su aure? Babu komai sai rashin fahimtar da kiran waya ɗaya zai warware. Ya gan ta tsaye da wani, bai tambaya ba, ashe yayanta ne. A kan wannan za a ja shafi sittin. Na taɓa karanta irinsa, a mako na uku wata dattijuwa ta kira ta ce, "Ɗana, don Allah ka faɗa wa yaron nan ya buɗe baki ya tambaye ta, mu huta." Mun yi dariya a ɗakin watsa shiri, amma sharhin da ta yi ya fi nawa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, wato yadda ake kwance ƙullin. A nan ne nake komawa ga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Marubuciyar ba ta aiko mata da wani attajiri daga sama ba. Rabi ta shiga sayar da abinci, ta riƙe yaranta da guminta, 'yarta Saudatu ta samu miji na kirki. Daga baya gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta nuna halinta, aka taru aka matsa wa Rabi ta koma gidansa, ta koma.

Da na karanta ƙarshen nan a rediyo, Lahadi biyu muka yi muna kansa. Wasu mata sun ce an cuci Rabi, bayan ta tsaya da ƙafarta me za ta koma ta yi? Wasu sun ce ai haka abin yake, mace mai 'ya'ya tara ba ita kaɗai ke yanke wa kanta hukunci ba. Wani magidanci ya kira ya ce shi kunya ta kama shi. Mutane da yawa ba su ji daɗin ƙarshen ba, amma babu wanda ya ce an raina masa hankali. Akwai bambanci tsakanin littafin da ya ɓata maka rai don ya faɗa maka gaskiya mai ɗaci, da wanda ya ɓata maka rai don ya yaudare ka. Na farko za ka yi ta gardama a kansa shekara da shekaru, na biyu kuwa ko sunansa ba za ka riƙe ba.

Hanyoyin yaudarar sanannu ne, duk mai bibiyar littattafan nan zai iya lissafa su. Kishiyar da ta tare hanya sai ta yi haɗarin mota ko ta haukace. Yarinyar da aka ƙi don talauci sai a gano ashe 'yar wani hamshaƙi ce da aka sace tana jaririya, ga tabo a kafaɗa shaida. Wadda ta fi damuna ita ce ta asiri. Miji ya wulaƙanta matarsa shafi ɗari biyu, ya hana ta abinci, ya doke ta, sai a shafi na ƙarshe a tono laya a gindin bishiya, a yi masa ruƙiyya, ya farka yana kuka yana cewa bai san abin da ya yi ba. Ba ina musun akwai sihiri ba. Abin da nake cewa shi ne, idan kowane mugun miji a littafi asiri aka yi masa, to babu namijin da ya taɓa yin laifi ke nan, kullum wata mace ce a bayan ɓarnar. Balaraba ba ta ba Alhaji Abdu wannan mafakar ba. Da hankalinsa ya yi abin da ya yi, shi ya sa alhakin ya bi shi.

Sai kuma ita jarumar. A Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na Balaraba, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo tana ƙarama. Ta gudu, ta nemi ilimi, ta zama ma'aikaciyar jinya. Abin da ya sauya rayuwarta ita ta yi shi. Jarumar littattafan yanzu da yawa kuwa aikinta uku ne: kuka, suma, da kyau. A ɗauke ta, a ajiye ta, a aurar da ita, a sake ta, a maido ta. Masu saurarona mata ne da ke tashi da asuba su soya ƙosai, su yi saƙa, su yi adashi, su biya wa yara kuɗin makaranta. Suna iya tausaya wa mai kuka dare ɗaya ko biyu, amma ba sa bin ta wata uku.

Akwai wani abu da ya wuce gardamar fasaha. An mai da mari da tsawa alamar so. Jarumi ya mari yarinya ranar da suka fara haɗuwa, wani lokacin ma ya keta mata haddi, daga baya a ce ai son ta ne ya yi masa yawa bai san yadda zai nuna ba, ita kuma ta narke. Wata rana wata yarinya, daga muryarta ba ta wuce sha bakwai ba, ta kira ta tambaye ni ko gaskiya ne namijin da ke da zafin kishi har ya kai hannu shi ne mai so na gaskiya. Tun daga ranar na daina saka irin wannan littafi a filina, ko da kuwa ana ta roƙo. Marubuci na da 'yancin nuna mugu, har ma ya kamata ya nuna shi. Amma idan ya ɗora masa rawani a ƙarshe ba tare da ya biya komai ba, ya sani akwai mai sauraron da ke ɗaukar darasi.

Kada a ɗauka ina cewa marubutan da sun fi na yanzu baiwa. Kasuwa ce ta sauya. Tun zamanin bugu ana raba littafi kashi na ɗaya, na biyu, na uku don ciniki, amma kuɗin takarda na taka wa marubuci birki. Yau a WhatsApp da Wattpad babu birki. Ana sakin shafukan farko kyauta, sauran sai ka biya, kuma dole a ba masu biya wani abu kullum. Daga nan ake samun labarin da ya ƙare a shafi na arba'in amma aka ja shi zuwa ɗari da hamsin, da bikin da ake kwana bakwai ana bayanin ankonsa, da shimfiɗar ɗakin aure da ake buɗewa don a riƙe masu biya. Ni ba na cikin masu kiran a ƙona littafi. An ƙona a Kano a 2007, zamanin A Daidaita Sahu, kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i tana nan tun 2001, duk wannan bai koya wa kowa yadda ake gina labari ba. Gwajina mai sauƙi ne. Abin da ba zai karantu a rediyo ba nakan tsallake shi. Idan na tsallake labarin bai rasa komai ba, to dama ciko ne.

Akwai kuma ƙorafin da ya shafe mu mu na wannan ɓangaren iyaka. Masoyan littattafan yanzu da zarar magana ta kai ga zuciya sai su juya Ingilishi. Mu a nan Faransanci aka koya mana a lakwal, da yawa kuma ko shi ba su yi ba. Wurin da ya kamata ya fi taɓa mai sauraro shi ne wurin da nake tsayawa ina fassara. Hausar da Hafsat Abdulwaheed ta rubuta So Aljannar Duniya da ita, littafin da aka buga a 1980, ba ta gaza ɗaukar zancen so ba, kuma ba ta tsufa ba. Marubuciyar da ke Kano ko Kaduna ta tuna tana da masu karatu a Tawa da Yamai da Agadas.

Duk da haka, littafin da ya fi tayar da ƙura a filina bara na sabuwar marubuciya ne, ta waya ya zo mini. Saurayi da budurwa sun shekara huɗu tare, iyaye sun amince, an sa rana, sai gwajin jini ya nuna dukansu AS ne. Likita ya gaya musu kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Babu kishiya, babu boka, babu mugu ko ɗaya a labarin. Na yi ta fargabar a ce asibiti ne ya yi kuskure, don na san hanyar da aka saba bi. Ba ta bi ta ba. Ta bar su suka zauna suka yanke shawara da kansu, suka rabu, kowa ya ɗauki ciwonsa. Daren da na karanta shafin ƙarshe sai da muryata ta sarƙe. Ranar Lahadi wata uwa mai 'ya'ya biyu masu sikila ta kira, ta yi magana minti shida, ban katse ta ba ko da lokaci ya ƙure. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ita ma ta nuna cewa idan aka iyakance wa marubuciya kalmomi, takan je kai tsaye ga abin da ke ciwo.

Saboda haka kafin in saka littafi a fili yanzu, tambaya uku nake yi masa. Abin da ya raba masoyan nan, masu saurarona sun san shi a gidajensu? Wanda ya yi laifi da hankalinsa ya yi, kuma ya biya? Jarumar ta yi wani abu da hannunta, ko ɗaukar ta kawai ake yi? Littafin da ya amsa biyu daga ciki nakan karanta shi, ko da Hausarsa na buƙatar gyara. Wanda ya kasa duka ukun nakan mayar wa mai shi da haƙuri, tare da bayanin dalili, don wasu sukan gyara su dawo da shi.

'Yan'uwa marubuta, ba gaba nake da ku ba, da rubutunku nake cin abinci. Roƙona ɗaya ne: kafin ki saki shafi, ki karanta shi da ƙarfi kamar mahaifiyarki da ƙanwarki na zaune a gabanki. Inda kika ji kin gaji, mu ma a nan muke gajiya. Allah ya ƙara basira, ya sa alƙalaminmu ya zama mai amfani.