"Rigunansa Kaɗai Za Su Biya Kuɗinsa": Wa Fuskar Kulob Take Kallo?

Duk lokacin da wani babban kulob na Turai ya zuba kuɗin da hankali ba ya ɗauka a kan ɗan wasa guda, akwai maganar da ba ta fashi a gidan kallon ƙwallo. Wani zai ce an tafka asara, sai wani daga bencin baya ya ɗaga murya ya ce, ai rigunansa kaɗai za su mayar da kuɗin. Ni ma na sha faɗin haka ina sakandare, da ƙarfin hali kuwa, kamar ni ke riƙe da littafin kuɗin kulob ɗin. Ranar da na zauna na buga lissafin da kaina ne na ji kunya.

Mu ɗauki Cristiano Ronaldo. A watan Yulin 2018 Juventus ta saye shi daga Real Madrid a kan yuro miliyan 100. Kafin ya taɓa ƙwallo, labari ya karaɗe jaridu cewa an sayar da rigunansa 520,000 cikin awa 24. To mu ɗauka ma gaskiya ne. Idan kowace riga yuro 100 ce, an tashi da miliyan 52 ke nan, sai ka ce an ci rabin hanya a yini ɗaya. Matsalar ita ce kuɗin ba na Juventus ba ne. Kamfanin da ya ɗinka rigar, wato Adidas, da shagunan da suka sayar, su ke kwashe kaso mafi tsoka. Yadda aka saba shi ne kamfani ya biya kulob wani tsayayyen kuɗi duk shekara, sannan ya ba shi ɗan kamasho a kan cinikin, wanda galibi ba ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Kun ga miliyan 52 ta koma miliyan 5 zuwa 8. Albashin Ronaldo kuwa kusan yuro miliyan 31 ne a shekara bayan cire haraji. Ban ma sa da cewa da yawan masu sayen dama za su sayi rigar Juventus ba, sunan da ke bayanta kawai suka canja daga Dybala zuwa Ronaldo.

To idan ba riga ba ce, ina kuɗin yake? A Disambar wannan shekarar Adidas ta sabunta kwantiraginta da Juventus, daga kusan yuro miliyan 23 a shekara zuwa miliyan 51. Nan ne wurin. Ɗan wasan da aka ɗora a allon talla ba kai mai kallo yake jiran ka ciro walat ba. Kai ne ma hajar. An sa shi ne ya tara idanu, kulob kuma ya ɗauki adadin idanun ya kai wa kamfanoni ya ce ga abin da za ku samu idan kun ɗauki nauyinmu.

Akwai wata shari'a da ta fito da wannan fili. A 2019 kamfanin New Balance ya kai Liverpool kotu a Landan, saboda kulob ɗin zai bar shi ya koma Nike, alhali kwantiraginsu ya ba New Balance damar ci gaba muddin ya iya daidaita tayin abokin takara. Nike ta yi tayin fam miliyan 30 a shekara da kamasho kashi 20. Amma abin da ya kayar da New Balance a gaban alƙali ba kuɗin ba ne. Nike ta yi alƙawarin tallata kayan Liverpool da taurari irin su LeBron James da Serena Williams da mawaƙi Drake, alƙali kuma ya ga New Balance bai daidaita wannan ba. Ku lura, cikin mutum ukun nan babu ɗan ƙwallon ƙafa ko ɗaya. Fuska ce ake ciniki, ba ƙafa ba.

Yaya ake zaɓen fuskar? Masana tattalin arziƙi sun daɗe suna musu kan abin da ke mayar da mutum tauraro. A 1981 Sherwin Rosen ya ce ƙwarewa ce: idan wani ya fi kowa ko da da ɗan kaɗan ne, kuma akwai talabijin da zai kai shi gidan kowa a lokaci guda, to wannan ɗan fifikon zai zama tazarar kuɗi mai girma, domin ba wanda zai kalli na biyu alhali na ɗaya yana tashar gaba. A 1985 Moshe Adler ya zo da wani bayani da nake ganin duk wanda ya taɓa zama a majalisa zai gane. Ya ce daɗin abu kamar ƙwallo ko waƙa yana ƙaruwa idan kana da wanda za ku yi hirarsa, don haka mutane kan taru a kan suna ɗaya saboda kowa ya san shi, ko da akwai wani da ya kai shi iyawa. Yaron da ya fara shiga gidan kallo sunan da ya ji ana ta ihu shi zai fara riƙewa. Haka furodusa a Kano yake sa fuskar jarumin da aka sani a fosta ko da fitowa uku ya yi a fim ɗin. Egon Franck da Stephan Nüesch sun gwada bayanan biyu a kan 'yan wasan Bundesliga ta Jamus, suka tarar duka biyun suna aiki: abin da ɗan wasa ya yi a fili yana ɗaga farashinsa, yawan ambatonsa a jaridu ma yana ɗagawa, ko da an cire tasirin wasan nasa.

Sashen talla na kulob ɓangaren Adler yake. Ba aikinsa ba ne ya tambayi wa ya fi tare ƙwallo. Yana duba yawan mabiya a Instagram, da harsunan da mutum ke ji, da yadda yake fitowa a hoto, da ko yana da tabo a suna. Sannan yana duba fasfo.

Zancen fasfo ɗin nan ya fi ba ni haushi, saboda ya cuci mutane ta fuska biyu. Arsenal ta ɗauko Junichi Inamoto ɗan Japan a 2001, ya tafi bai buga wasan Firimiya ko ɗaya ba. Manchester United ta ɗauki Dong Fangzhuo ɗan Chaina a 2004, wasa ɗaya tak ya buga mata a Firimiya. Ko mene ne nufin kulob-kulob ɗin, jama'a sun yanke hukunci cewa ɗan Asiya a Ingila ɗan tallan riga ne. Da Park Ji-sung na Koriya ta Kudu ya iso United a 2005, wannan tambarin ya tarar yana jiransa. Sai da ya ci Firimiya huɗu, ya zama mutumin da Ferguson ke ciro wa idan wasa ya yi zafi, wanda aka sa ya hana Pirlo sakat a 2010, kafin bakin mutane ya mutu. Son Heung-min kuwa ya nuna wace hanya ce ke ɗorewa. 'Yan Koriya sun yi ta cika jirgi zuwa filin Tottenham ne saboda yana zura ƙwallo, har ya raba takalmin zinare da Salah a 2022 da ƙwallo 23. Kasuwar ta biyo wasan ne. Ba wanda ke tashi tsakar dare a Seoul don ya kalli ɗan ƙasarsu a benci.

Kada a ce na ƙi gaskiya, dabarar tana kawo kuɗi a wasu lokutan. Florentino Pérez ya gina Real Madrid a kanta: Figo a 2000, Zidane a 2001, Ronaldo na Brazil a 2002, Beckham a 2003. Da Beckham ya zo, nan take aka kwashi tawaga zuwa Chaina da Japan da Hong Kong da Thailand. Kafin shekara uku Real ta ture Manchester United ta zama kulob mafi samun kuɗi a duniya a jadawalin kamfanin Deloitte. Sai dai a wannan bazarar ta 2003 ne Claude Makélélé, ɗan tsakiyar da ke share wa taurarin nan baya, ya nemi ƙarin albashi aka hana shi, aka sayar da shi ga Chelsea. Aikinsa ba ya fitowa a hoto. Abin da ya biyo baya kakar wasa uku ce a jere babu Laliga babu Zakarun Turai, Pérez da kansa ya yi murabus a farkon 2006. Juventus ma ta kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2015 da 2017 ba tare da Ronaldo ba. Da ya zo ya ci mata ƙwallo 101, amma Ajax ta fitar da ita, sai Lyon, sai Porto, ba ta ko leƙa wasan kusa da na ƙarshe ba, kuma a kakar 2020/21 ta bayyana asarar sama da yuro miliyan 200.

Yanzu wani zai ce, ka ga, Ronaldo ne ya karya Juventus. A nan ne zan ja birki, don wannan ma irin kuskuren mai maganar riga ne, an dai juya shi. A tsakiyar zaman Ronaldo korona ta rufe filaye. Ta yaya za ka raba asarar annoba da asarar albashi? A gwajin taki, ba ka zuba wa gona gaba ɗaya ka ce ya yi aiki. Kana barin wani yanki ba taki, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, sannan ka kwatanta. Babu Juventus ta biyu da ba ta sayi Ronaldo ba. Kuma kulob ɗin da ke iya sayen tauraro dama can mai tasowa ne, kuɗin talabijin na ƙaruwa ga kowa a lokacin, don haka idan kuɗin shigarsa ya hau, ba ka da hurumin rataya duka a wuyan mutum ɗaya. Babban abin da nake suka ke nan: ana gabatar da zaɓen fuskar kulob kamar kimiyya, da jadawali da alƙaluman mabiya, alhali abin da ya fi sauƙin ƙirgawa ake ƙirgawa. Danna maɓallin bi kyauta ne. Wanda ya bi Juventus saboda Ronaldo, shi zai bi shi zuwa Manchester, ya bi shi Riyadh.

Ba wai ba za a iya aunawa ba ne. Wasu masu bincike huɗu da suka yi aiki da wata cibiya a Jami'ar Stanford sun so sanin ko zuwan Mohamed Salah Liverpool a 2017 ya rage ƙyamar Musulmi. Tunda babu Liverpool ta biyu, sai suka haɗa ta da lissafi: suka tattaro wasu yankunan Birtaniya da alƙalumansu suka yi tafiya daidai da na yankin Merseyside kafin zuwansa, suka ga inda layukan biyu suka rabu bayan ya zo. Sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna laifukan ƙiyayya sun ragu da kashi 16 cikin ɗari a yankin idan aka kwatanta, kuma saƙonnin ƙyamar Musulmi daga magoya bayan Liverpool a Twitter sun ragu da kusan rabi. Wannan ita ce irin hujjar da ya kamata a kawo mana. Sai dai alƙaluman ciniki suna hannun kulob da kamfanoni, su kuma labarin riguna 520,000 ya fi yi musu amfani.

Binciken Salah ya nuna fuskar nan tana da nauyin da ya wuce ciniki, kuma a nan ne kulob kan ja baya. A Disambar 2019 Mesut Özil, wanda a lokacin shi ne mai albashi mafi tsoka a Arsenal, ya yi rubutu kan halin da Musulmin Uighur ke ciki a Chaina. Arsenal ta yi maza ta fitar da sanarwa a Weibo, dandalin 'yan Chaina, cewa ra'ayinsa ne shi kaɗai, ita ba ta shiga siyasa. Duk da haka talabijin ɗin gwamnatin Chaina ya fasa nuna wasanta da Manchester City. Ana son addinin ɗan wasa da asalinsa idan za su buɗe kasuwa, ana barinsa shi kaɗai ranar da suka yi barazanar rufe wata. Masu kallo ma sukan sha tasu. A Yulin 2019 mutum sama da 60,000 suka cika fili a Seoul don ganin Ronaldo, ya zauna a benci har aka tashi, magana ta kai kotu. A Fabrairun 2024 haka ta faru da Messi a Hong Kong, sai da masu shirya wasan suka mayar da rabin kuɗin tikiti.

Mu fa? Duk wanda ya girma a nan ya san Kanu ne ya cika Najeriya da 'yan Arsenal daga 1999, Mikel da Drogba da Essien suka yi wa Chelsea irin wannan aikin. Idan soyayya ake aunawa, ba wanda ya fi mu biyan kuɗin fuska. Amma rigar da yaro ya sa a Fagge ko Zinder daga kasuwa ta fito, ko sisi bai isa Landan ba, kuma mutum ɗari ne ke kallo da dikoda ɗaya. Ana ƙirga mu idan za a nuna wa kamfani yawan mabiya, ba a ƙirga mu idan za a tsara inda tawaga za ta je. Manchester United da Portsmouth ta su Kanu sun buga a Abuja a Yulin 2008. Arsenal ta sa ranar zuwa Abuja a 2012, sannan ta ɗage, ba ta kuma zo ba. A wannan bazarar dai ta buga a Malesiya da Beijing da Hong Kong.