Jinjina ga Masu Gwajin Ƙwaƙwalwar Na'ura

Ƙwaƙwalwar da ke cikin wayarka ba ta wuce girman farce ba, amma tana ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnan lantarki. Ƙwayar ƙura ɗaya ta faɗa wa faifan silikon a masana'anta, sai wata hanyar wuta ta tsinke, ko biyu su manne. Injiniyoyin gwaji ne ke zaƙulo wannan kafin kaya su shiga kasuwa, kuma ba kasafai ake tunawa da su ba.

Aikin ba wasa ba ne. Da'ira mai ƙofofin shiga 64, in aka ce sai an gwada kowane haɗi, ko da biliyan guda ake gwadawa a daƙiƙa, za a shafe sama da shekara 500 ba a gama ba. Sai injiniyoyin suka yi dabara: suka ƙaddara cewa kowace waya a da'irar tana iya maƙalewa a kan 0 ko 1. Suna zargin ta maƙale a 0? Sai su tura mata 1, su share wa saƙon hanya har bakin fita, su ga abin da ya fito. A 1966 J. Paul Roth na kamfanin IBM ya tsara hanyar lissafi da ke samar da irin waɗannan gwaje-gwaje. Wannan basira tana burge ni matuƙa.

A masana'anta, allurai sirara kamar gashi ke sauka kan faifan, su gwada kowace ƙwaƙwalwa, a ware masu aibu. Birkin mota da na'urorin asibiti sun dogara da wannan tantancewa.