Lokacin Shekara a Ƙagaggen Labari: Darasi Daga Karatun Hutu

A hutun Disamba, lokacin da hazo ya lulluɓe duwatsun da ke kewaye da Jalingo, mu 'yan ɗalibai da ke zaune a unguwar Turaki muka yi alkawarin kowa ya karanta ƙagaggun labaran ƙasashen Sikandinebiya, ta hanyar fassarar Ingilishi, kafin a koma makaranta. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu bai shafi jigo ko taurari ba. Ya shafi yadda marubutan can ke ɗora zaren labari a kan lokacin shekara.

Mu ɗauki labarin yarinya mai tallar ashana na Hans Andersen, mutumin Denmak, wanda ya fito a 1845. Daren ƙarshen shekara ne, yarinyar ba ta yi ciniki ba, tana tsoron komawa gida saboda dukan mahaifinta. Sai ta raɓe jikin bango tana ƙyasta ashana ɗaya bayan ɗaya don ta ji ɗumi, kowane haske yana nuna mata abin da ta rasa: murhu, abinci, kakarta da ta rasu. Da safe aka tsinci gawarta. A nan sanyi ba ado ba ne. Shi ya sa ta ƙyasta ashanar, shi kuma ya kashe ta. In aka mayar da labarin bazara, ya rushe. Muna da ƙorafi a kan Andersen, domin ya lulluɓe mutuwar talauci da daɗin baki har mai karatu ya kusa manta waɗanda suka wuce ta ba su saya ba. Amma ta fuskar tsari babu abin cewa.

Haka Selma Lagerlöf ta Suwidin, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel ta adabi a 1909. Littafinta na yaro Nils, wanda ya fito a 1906 da 1907, an rubuta shi ne don koyar da yara labarin ƙasa. Yaron ya bi agwagin daji daga kudancin ƙasar zuwa arewa a watan Maris, ya dawo da su a Nuwamba. Ƙaurar tsuntsaye ita ce ƙashin bayan littafin.

Da muka waiwayo gida sai jikinmu ya yi sanyi. Bahaushe yana da bazara da damina da kaka da ɗari, kowanne da aikinsa da cutarsa da abincinsa. Amma yawancin gajerun labaran da mu ɗalibai ke rubutawa ba su da lokaci. Saurayi zai je zance, a yi aure, a yi saki, ba a taɓa jin an yi ruwa ko an sha zafi ba. In ma an ambaci yanayi, jimla ɗaya ce a buɗe labari, wadda za a iya gogewa ba a rasa komai ba.

Wani zai ce gadon tatsuniya ne, wadda ba ta damu da rana ko wata ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ko Abubakar Imam, wanda manazarta suka nuna ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce daga Andersen, hikima da raha ya fi bai wa ƙarfi. Sai dai uzurin bai isa ba. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna hanya a Shaihu Umar, inda guguwar rairayi ta halaka ayari a hamada, ta kuma sauya makomar tauraron.

Ba muna cewa a shigo da ƙanƙara cikin labaranmu ba ne. Mutumin Taraba ma bai rasa sanyi ba, ga Gembu a tsaunin Mambila. Ga almajiri da ke kwana a zaure cikin ɗarin Janairu. Ga manomin da rumbunsa ya ƙare a Agusta alhali sabon hatsi bai nuna ba. Ga ambaliyar Agustan 2005 da ta karya gadar Nukkai, ta tafi da rayuka masu yawa. A cikin labaran ɗalibai da suka zo hannunmu a wannan hutu, ba mu ci karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.