Doka Biyu: Ta Alkama Da Ta Sha'ir

Mai injin niƙa ba shi kaɗai ya ke yanke shawarar abin da zai niƙa ba. Kafin ya sayi inji, ko ya gina ma'aikata, ko ya ɗauki ma'aikaci, sai ya dubi abin da doka ta yarda a shigo da shi da abin da ta hana. Saboda haka wanda ya ke rubuta doka a ofis, shi ma yana da hannu a cikin inji, ko da bai taɓa ganinsa ba. Bari mu auna waɗansu dokoki biyu da Gwamnatin Nijeriya ta yi a zamanin Janar Ibrahim Babangida, mu ga wadda ta yi daidai da wadda ta yi kuskure.

A 1986 kuɗin man fetur ya faɗi, kuɗin ƙasashen waje ya yi wuya. A lokacin nan Nijeriya tana sayo alkama fiye da tan miliyan 1 kowace shekara, galibi daga Amurka, domin burodi. Sai Gwamnati ta hana shigo da alkama tun daga watan Janairu na 1987. Bayan shekara guda, watau a 1988, ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda masu yin lemon malti da barasa su ke aiki da shi. Nufin duka biyu ɗaya ne, a noma a gida, a sarrafa a gida.

To, mu fara da sha'ir. Masu ma'aikatu suka duba, suka ga ba makawa sai su koma ga dawa da masara. Amma aikin bai zo da sauƙi ba. Sha'ir yana da ɓawo wanda ya ke taimakon tacewa, dawa kuwa ba ta da irinsa, kuma sai an ba ta wuta fiye da sha'ir kafin ta dahu. Don haka tilas suka sake tukwanensu da matatansu, suka koyi sabuwar hanyar jiƙa hatsi ya yi tsiro. Suka nemi farafara da ƙaura, har da gajerar ƙaura da masana na Samaru suka fitar. Sun sha wahala, sun kashe kuɗi, amma abin ya zauna, gama dawa ruwan damina ya ishe ta, kuma kowane manomi a Arewa ya san ta tun kaka da kakanni. Ko bayan da aka janye hanin, ma'aikatu da yawa ba su bar dawa ba.

Alkama fa? Lalle mutanenmu sun daɗe suna nomanta a fadamu domin alkaki da taliya da gurasa. Amma alkama 'yar hunturu ce. Ana shuka ta wajen Nuwamba, a girbe ta wajen Maris, ba ta son zafi, kuma dukan ruwanta ban-ruwa ne. Gwamnati ta dogara ga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Bakolori ta 1978, da aikin ban-ruwa na kudancin Tafkin Cadi. Ga shi kuwa fari ya sa tafkin ya janye nesa da hanyoyin ruwan da aka haƙa. Abin da ƙasa duka ta ke nomawa bai kai kashi 1 cikin 10 na abin da a ke ci ba.

Me mai injin fulawa zai yi? Injinsa don alkama aka ƙera shi. Waɗansu suka gwada niƙa masara da dawa, amma garinsu ba shi da danƙon da ke sa burodi ya tashi. Injuna suka zauna, aka sallami ma'aikata, burodi ya yi tsada, fulawa kuwa ta riƙa shigowa ta hannun 'yan fasa-ƙwauri daga ƙasashen maƙwabta. A 1992 aka janye hanin.

Abin da mu ke suka a nan ba nufin Gwamnati ba ne, gama ƙasar da ba ta ciyar da kanta tana cikin haɗari. Laifin shi ne an sa wa shuka biyu doka iri ɗaya, alhali halinsu ba ɗaya ba ne. Dokar sha'ir ta tura masu ma'aikatu ga abin da ke rumbu. Dokar alkama ta tura su ga abin da ba a shuka ba tukuna. Hausawa suka ce ba a fafe gora ran tafiya. Da an fara da iri da ruwa da taki, sa'an nan a riƙa rage ta waje kaɗan kaɗan, da mai inji ya sami lokacin shiri.

Ku da kuka koyi karatu, in kun ji an kafa sabuwar doka a kan shinkafa ko siminti ko atamfa, ku yi tambaya uku. Muna da abin da zai maye gurbin wanda aka hana? Injunan da mu ke da su za su iya sarrafa shi? An ba da lokaci? In amsar duka i ce, ku goyi bayanta. In a'a ce, ku faɗa wa wakilanku tun da wuri. Allah ya sa mu dace, amin.