Binciken Kleiger da Lambar HRV da Ke Agogon Hannunka

Wata Juma'a a nan Dutse, bayan an sauko daga masallaci, yayana ya miƙo mini hannu yana nuna fuskar agogonsa na zamani. "Duba nan, ƙanena, HRV ɗina ya hau. Zuciya lafiya lau." Da na tambaye shi labarin ƙwayoyinsa na hawan jini, sai ya yi dariya, ya ce ai sati uku ke nan da ya ajiye su. Muka biya wani kemis aka auna shi, aka samu 168 bisa 104.

Mai karatu, idan kai ma kana ɗaure da irin wannan agogo, ya kamata ka san inda lambar nan ta samo darajarta, da inda darajar ta tsaya.

Zuciya mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida kamar agogon bango. Idan tana bugawa sau 60 a minti, tazarar bugu ɗaya da na gaba kan zama milisakan 950 yanzu, an jima 1,040 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Wannan sauyin tazara shi ake taƙaitawa da HRV. Dalilinsa kuwa, jijiyoyin saƙo iri biyu ne ke tuƙa zuciya. Ɗaya kamar totur take, tana ƙara gudu lokacin tsoro ko aikin ƙarfi. Ɗayar, mai suna bagus, ita ce birki. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ka ja numfashi a hankali: bugun zai ɗan yi sauri idan ka shaƙa, ya lafa idan ka fitar. Birkin ne ke saki yana kamawa.

Aikin da ya ɗaga sunan wannan awo shi ne na Robert Kleiger, likitan zuciya a birnin St. Louis na Amurka, wanda ya fito a 1987. Shi da abokan aikinsa sun bi mutum 808 da suka tsira bayan jijiyar jinin zuciyarsu ta toshe. Kimanin kwana 11 bayan ciwon, aka ɗaura wa kowa na'urar Holter, wadda ke naɗar wutar lantarkin zuciya awa 24 cur, sannan aka bibiye su tsawon wata 31 a matsakaici. Waɗanda sauyin tazararsu ya gaza milisakan 50, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka haura 100 har sau 5.3.

Gaskiya aikin ya cancanci yabo. Mutanen suna da yawa, an fara awo sannan aka jira a ga abin da zai faru, kuma abin da aka ƙirga mutuwa ce, wadda ba ta da gardama. Wani binciken mai suna ATRAMI, da ya fito a 1998 kan majinyata 1,284, ya samu abin da ya goyi bayansa. To ina matsalar take? Tana wajen yadda aka ɗauko wannan sakamako daga gadon asibiti aka ɗaura a hannun mai lafiya.

Na farko, su wa aka auna? Mutanen da wani sashe na tsokar zuciyarsu ya riga ya mutu, a Arewacin Amurka, kafin hanyoyin buɗe jijiya na yanzu su yaɗu. Ciwon zuciyarmu kuwa kamanninsa daban ne. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya duba mutum 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne sanadi ga kusan kashi 45 cikin ɗari, toshewar jijiya kuma ba ta kai kashi 8 ba. Ka ga ke nan, majinyacin Kleiger ba shi ne ya cika layin asibitin Rasheed Shekoni ko na Birnin Kudu ba.

Na biyu, awon ma ba iri ɗaya ba ne. Kleiger ya naɗi lantarkin zuciya dare da rana. Agogo kuwa koren haske yake haskawa a fata yana kirdadon bugu daga kai-komon jini, wani na kusan minti ɗaya, wani lokacin barci, kuma kowane kamfani da lissafinsa. Tun a 1996 kwamitin ƙwararru na Turai da Arewacin Amurka ya ja kunne cewa kada a gwama awon da tsawon lokacinsu ya bambanta. Saboda haka idan agogonka ya rubuta 35, kada ka ce ka faɗa rukunin 'yan ƙasa da 50 na Kleiger. Ƙari a kan haka, lambar na sauka da shekaru, da zazzaɓi, da rashin barci, da ƙarancin ruwa a jiki. Wanda ya kwana a zafin watan Afrilu na Dutse babu wuta, ko ya tashi da maleriya, ai dole lambarsa ta faɗi.

Na uku, kuma a wurina shi ne mafi nauyi: gane wanda ke cikin haɗari daban, ceto shi daban. An gwada wannan a binciken DINAMIT da ya fito a 2004. An zaɓi mutum 674 da jijiyarsu ta toshe kwanan nan, zuciyarsu ta raunana, kuma HRV ɗinsu ya yi ƙasa ko bugunsu ya yi sauri. Kusan rabinsu aka dasa musu na'urar da ke ba zuciya shokin idan bugunta ya rikice. Mutuwa ta dalilin rikicewar bugu ta ragu, amma mutuwa ta wasu dalilai ta ƙaru, jimilla dai babu bambanci. Awon ya nuna masu rauni, sai dai aiki da shi bai tsawaita rai ba. Idan a hannun likitoci haka ta kasance, ina ga mai yanke wa kansa hukunci da agogo?

Kuma fa hawan lambar ba kullum ne albishir ba. Mai ciwon nan da ɗakunan saman zuciya ke karkarwa maimakon bugawa, tazararsa a hargitse take, sai lissafi ya fito da lamba babba, alhali ciwo ne da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Haka nan wata bita ta 2015 da LaBarron Hill ya jagoranta ta gano cewa baƙaƙen fatar Amurka sun fi farare yawan HRV idan suna hutawa, duk da sun fi su fama da hawan jini. Abin da ya faru da yayana ke nan: lamba a sama, jini ma a sama.

Muna da misali a gida na yadda ake tantance sakamakon da aka gada. A shekarun 1970, Davidson da Parry a Zariya sun danganta gazawar zuciyar masu jego da wankan jego da kunun kanwa, aka daɗe ana koyar da haka. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci rajistar PEACE a asibitoci 22, da mata sama da 400 masu ciwon. Sakamakon da ya fito a 2020 bai samu alaƙa da waɗannan al'adu ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi. Irin wannan tankaɗe da rairaya HRV ke buƙata a kan mutanenmu, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, tana da asibitin koyarwa a kusa da za a iya yin sa.

Kafin nan, ga shawarata. Ka gwama lambarka ta yau da taka ta makon jiya kawai, ka ɗauke ta a matsayin manuniyar barci da gajiya. Awon hawan jini bai wuce minti biyu ba, kuma an tabbatar cewa sauke shi da magani na rage shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya. Idan ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, ka ga likita. Kumburin ƙafa, ko haki idan an kwanta, ko nauyin ƙirji, musamman ga mai jego, asibiti za a nufa ko me agogo ya rubuta.

Yayana dai ya koma wajen likitansa a Litinin ɗin da ta biyo, ya ci gaba da shan magani. Agogon na nan a hannunsa, da shi yake ƙirga takunsa na yamma.