Bidiyon Numfashi da Maganin Hawan Jini: A Yi Hattara

Bidiyoyin koyar da numfashi sun cika wayoyinmu, daga 'yan kasuwar Adjamé har ɗaliban makarantunmu na Treichville. Wai ka ja iska ka riƙe, "ƙarfin rayuwa" zai zagaya jikinka ya kori hawan jini da ciwon suga. Ya kamata mu tace wannan magana.

Abin da ke gaskiya a ciki ba mu musa shi. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya sassauta zuwa kamar sau 6, bugun zuciya yana lafawa, hankali ya kwanta. Wannan aikin jiki ne da Allah Ya tsara, ba laifi a amfana da shi. Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan tsaya ya numfasa sau uku in yana shan ruwa, an kuma ruwaito cewa ya hana yin numfashi cikin ƙwarya.

Matsalarmu da bidiyoyin biyu ce. Ta farko aƙida. Abin da suke fassarawa da "ƙarfi", 'yan Sin na kiransa ci, Indiyawa kuma prana, kuma babu na'urar asibitin da ta taɓa auna shi. A yoga akwai tsarin motsi da sunansa ke nufin gaisuwa ga rana, akwai kuma furta "Om", kalma mai tsarki a addinin Hindu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ranar yoga tun 2014, amma wannan bai sauya asalin kalmomin ba. Musulmi zai iya sassauta numfashinsa ba tare da ya gaida rana ba.

Ta biyu kuwa rai ce. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Dattijon da ya ajiye ƙwayoyinsa don ya ji sanyi a ƙirji bayan minti goma na numfashi, shanyewar ɓarin jiki yake gayyata. Cibiyar ciwon zuciya ta Abidjan tana nan Treichville, kusa da mu. A je a auna, a ci gaba da shan magani, kar a daina sai likita ya ce.

Ɗalibai, in an turo muku irin wannan bidiyo, ku tambayi malam kafin ku tura wa iyayenku. Allah Ya ba mu lafiya da imani. Amin.