Ƙurjin ƙwaƙwalwa sau da yawa daga kunne yake farawa

A hoton sikana, ƙurjin da ya tara mugunya a ƙwaƙwalwa da ƙarin sankara da ya ruɓe a tsakiya sukan fito iri ɗaya: zobe mai haske, cikinsa duhu. Maganinsu kuwa ya sha bamban. Ƙurji ana huda shi a zuƙe mugunyar, a bi da allurar kashe ƙwayoyin cuta na makonni, mutum ya tashi. Shi ya sa nake murna da yadda likitoci ke amfani da awon sinadarai na na'urar IRM, wanda likitocin Lucknow a Indiya suka yi fice a bincikensa tun shekarun 1990.

Na'urar tana karanta abin da ke cikin kumburin ba tare da an taɓa kai da wuƙa ba. In ta ga sinadaran da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, kamar asetat da sukusinat, da ɓurɓushin furotin da mugunya ta narkar, to ƙurji ne. In sinadarin kolin ya yi yawa a gefen kumburin, hankali sai ya koma kan sankara. Ƙurjin tarin fuka kuma yawanci kitse yake nunawa.

Sai dai mu a Arewa, tsakaninmu da wannan awo akwai tafiya. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai, inda za a je neman awon, kusan kilomita 270 ne, ban da kuɗin mota da na awo. Wanda ya taso daga Matankari ko Geceme sai ya fara kama babbar hanya tukuna.

Ƙurjin nan kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Sau da yawa tushensa kunnen yaro ne da ya daɗe yana zubar da ruwa mai wari, uwa tana toshe shi da auduga, ƙuda na bin sa. Wani lokacin ruɓaɓɓen haƙori ne, ko raunin kai bayan faɗuwa daga babur.

Roƙona ga ma'aikatan ɗakunan shan magani na Tibiri da Dogon Dutsi: ku ɗauki ruwan kunne da muhimmanci. In mai shi ya fara ciwon kai mai tsanani, da amai, da farfaɗiya ko mutuwar ɓarin jiki, kada a tsaya kan maganin zazzaɓin cizon sauro kaɗai. A rubuta masa takardar tura shi gaba a ranar. Iyaye kuma mu daina cewa zai bari in ya girma, mu kai shi asibiti tun ciwon yana kunne.